Soson Inna

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Da wannan duk wanda ya tako ƙofar gidanmu a Dogarawa ya fara, ranar da muka kai Inna makwancinta. Abin da ke biyo baya ne ya hana ni sakat. Da mutum ya shafa fatiha ya gyara zama a kan tabarma, sai ya ɗauko zancen soso.

Limamin unguwa ya ce rabon da ya sayi soson wanka har ya manta, Inna ce ke aika masa. Wani direban motar haya da ke bin hanyar Malbaza ya ce in ya tsaya a ƙofar gidan ba ta barinsa ya wuce sai ta cusa masa a ƙarƙashin kujera. Daga cikin gida ina jiyo Bafulatanar da ke kawo mana nono tun muna yara tana kuka tana cewa, "Ayya Inna, ayya mai soso." Can wani tsoho, abokin marigayi Babanmu, ya matso kusa da ni ya dafa mini gwiwa.

"Ai mun ji labari," in ji shi. "Soson tsohuwag ga hal Yamai shika zuwa, can aka maishe shi katihwa. Allah shi sa aikin ga shi zam mata haske."

Na ce amin. Yayana da ke gefena ya ce amin ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya kalli ɗan'uwansa a cikinmu, domin mun san soson Inna bai taɓa zuwa Yamai ba, bai kuma taɓa zama katifa ba. Mun kuma yi imani a lokacin cewa garin tsinko shi ta faɗi, faɗuwar da ba ta tashi ba.

'Yata ta fari ba ta samu jana'iza ba, tana jami'a a Yamai, hanya da nisa. Sunan Inna na sa mata, saboda haka bakina ba ya iya kiran sunan, Uwani nake ce mata. Da ta iso ba ta tsaya wurin mata ba, ta wuce ɗakin Inna kai tsaye, ta tarar da buhunan soso jingine da bango. Nan ta zauna a ƙasa. Aka kai mata fura ta ƙi, aka kai tuwo ta ƙi. Da na leƙa sai ta ɗago ido ta ce, "Baba, ni nak kashe ta. Ba ni komawa makaranta."

Saura mata ƙiris ta gama binciken da ta shafe shekaru a kansa. Na san 'yata, jinin Inna ce, in ta ce ba ta yi to ba ta yi. Abin da ya sa nake rubuta wannan ke nan: kada a manta da tsohuwar, kuma a san yadda ta kusa tafiya da karatun jikarta zuwa kabari ba da saninta ba.

Inna ƙaramar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Ba ta iya zama hannu sake. In ba ta sussuka tana tsince wake, in ba ta tsince wake tana ɗinke ƙwaryar da ta fashe. In ka ce mata sannu da aiki sai ta ce, "Ba a gama ba." Ko ranar Salla haka take amsawa. Bafulatanar nan da ke kuka tana da dalili. Wata rana jaki ya ture ta a ƙofar gidanmu, ƙwaryar nononta ta tarwatse, ta zauna tana hawaye don ba ta san abin da za ta je ta faɗa a ruga ba. Inna ta fito ta zazzage ta da faɗa a kan rashin kula, sannan ta koma ɗaki ta ɗauko ƙwaryar da ta fi so cikin jerenta ta miƙa mata, ta ce ta ɓace mata da gani. Haka alherinta yake, kullum da faɗa a gabansa.

Abu ɗaya ne ba ta iya ba a duniya, shi ne ta ce ta yi kuskure. Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba. In ta gane ta zalunce ka, sai dai ka ga an ajiye maka abincin da ka fi so a gabanka, ita kuma ta juya baya tana zagin kaji. In ka ci, magana ta wuce. Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta fi kowa sanin wannan. Tun da mazajensu suka rasu suke zaune gida ɗaya, ɗaki na kallon ɗaki, kuma ban san ranar da suka wuni ba su yi cacar baki ba. A kan gishiri, a kan kaza, a kan wadda ta fara tsufa. Amma in ɗaya ta kwana da zazzaɓi, ɗayar ba ta runtsawa.

Ni kuwa Mai Katihwa take ce mini, da bakinta na Dogarawa. Sana'ata ke nan a Birnin Konni, ina sayar da katifar soso, wadda ake ɗauko mana daga tsallaken iyaka. Sana'ar ba ta taɓa burge ta ba. Na sha kai mata katifa tana mayar mini. Ta ce tana sa zufa, ta ce warin man mota take yi, ta ce mutum ya kwanta a kanta sai ya tashi da ƙashin baya kamar na tsohon raƙumi. Gadon kara da tabarma ta riƙe. Uwani kuwa a cikin guntayen soson shagon ta yi rarrafe, tana yagar su tana leƙa ramukan da ke ciki tana tambayata da me aka yi su. Ban sani ba, sai in ce mata da inji. Ina jin rashin amsar nan tawa ce ta kai ta har jami'a.

Ga yadda abin ya faro. Wata Salla ina Dogarawa, Uwani ta kira ni ta salula tana murna, an ba ta aikin bincike. Ta yi mini bayani rabi da Hausa rabi da Faransanci. Abin da na tsinta shi ne, soson katifa daga man fetur ake samo kayan haɗinsa, su kuma suna neman yadda za a yi shi da man tsiro, abin da ake shukawa a girbe a sake shukawa. Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, kunnenta yana wurinmu.

"Mi Takwara tac ce?"

Na ce, "Ta ce soso za ta koyi yi, da tsiro."

Ta tsayar da hannu. "Soso? Da tsiro? To da can da mi aka yin shi?"

Na yi dariya. Mu 'yan kasuwa in mun ce soso, na katifa muke nufi. Inna kuwa soso ɗaya ta sani, wanda ke yaɗo a kan danga, ya bushe a ɓare shi a yi wanka. Na so in yi mata bayani, sai ga baƙi sun yi sallama, na tashi. Ina jin ta tana cewa, "Sai an tahi hal Yamai a koyi soso? To Allah shi taimaka." Iyakar maganar ke nan, kalma ɗaya mai gida biyu, kowa ya shiga nasa.

Da damina ta sauka Inna ta shuka soso. Ba ɗan kaɗan ba. Ta bi danga kaf, ta bi gindin rumbu, ta bi jikin bishiyar bedi, wato darbejiyar tsakar gida. Wurin da take kuɓewa da yakuwa ma ta ba soso. A bayan rumbu, kusa da makewayinsu ita da Gwaggo, akwai inda zurma, tsiron nan da ake kira cika-gida, ke fitowa da kanta kowace shekara. Inna ta tsani zurma tun ranar da wata akuyarta mai ciki ta ci 'ya'yan zurmar ta mutu. Ta sa fartanya ta tumɓuke ta tas, ta zuba irin soso a gurbin. Kafin kaka gidan ya rufe da ganye da furanni rawaya, sosuna na reto ta ko'ina, mai tsawo sai ya sunkuya. Ta tsinke, ta shanya, ta ɓare, ta kakkaɓe irin, ta wanke, ta sake shanyawa har suka yi fari tas. Ta kuma gaya wa duk unguwa cewa jikarta ce ke bukata a Yamai. Abin da ya yi saura take rabawa, shi ya sa liman ya daina saye.

Da hutu ya zo Uwani ta je gaishe ta. Ina wurin aka yi. Inna ta kama hannunta ta kai ta ɗaki, ta buɗe buhu da alfahari ta ce, "Ga kayan aikinki, Takwara. Ki hwaɗa ma malamanku ba su samun irin wanga kasuwa."

Uwani ta duba buhu, ta dube ni, ta gane. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, ba wanga soso ba na. Na katihwa na, irin na shagon Baba. Ruwa biyu aka haɗawa, su kumbura kamar ƙullin hwanke, su daskare. Guda daga man hwetur aka hiddo shi. Shi muka son mu canza, mu sa man zurma."

"Man mi?"

"Zurma, Kaka."

"Zurmad da tak kashe min akuya? Ke nan guba za ki shimhiɗa ma bayin Allah su kwana bisa?"

Uwani ta yi ta bayani, cewa dafin a cikin tunkuzar yake zama, ba ya bin man, cewa man zurma yana da wata ɗabi'a da sauran mayuka ba su da ita, shi ya sa yake kama ɗaya ruwan. Inna ba ta saurara ba. Ta nuna buhun ta ce, "To wanga hwa?"

Nan yarinya ta yi abin da ya dame ta daga baya. Dariya ta kuɓuce mata, ta ce, "Wanga na wanka na, Kaka." Ba dariyar raini ba ce, ta jika da kaka ce, irin wadda suka saba. Amma ta faɗo a mugun wuri. Inna ta ɗaure bakin buhu, ta gyara ɗaurin zane, ta ce 'yan lakwal, wato 'yan boko, ba su san komai ba sai gardama, ta fita. Har hutun ya ƙare ba ta ƙara ce mata Takwara ba. Ranar tafiya dai aka wayi gari da dambun zogale a ƙofar ɗakin Uwani, Inna kuma tana can tana zagin kaji. Mun ga dambun, mun san ma'anarsa, amma muka ɗauka ban haƙurin fushin da ta yi ne kawai.

Damina ta sake zagayowa, sai ga soso ya sake rufe gida. Direban nan ya tsaya a ƙofar shagona ya ce Inna ta ce buhun Takwara ya cika, in zo in ɗauka kafin gara ta shiga. Na kira Yaya na ce ashe ba ta gane ba? Ya ce, "Tsuhwa na. Ku bar ta, kak ku karya mata zucciya sau biyu." Uwani ma da na gaya mata ta ce a bar ta. Haka muka yanke, mu masu hankali, cewa kan tsohuwa ya daina ɗaukar sabon zance.

Daga Konni zuwa Dogarawa ba wata tafiya ba ce, amma kafin soson nan sai Salla take ganina, shago ba ya barin mutum. Yanzu kuwa sai aike ya zo, in hau babur ina gunaguni, in je. Ba ta ba ni buhu sai na zauna na ci tuwo, sai na ji ƙarar Gwaggo, sai na ba ta labarin kasuwa da na iyaka, wa ya yi aure wa ya karye. Sannan ta sa a ɗaure mini buhu ta ce a gai da Takwara. In na dawo in jibge shi a bayan katifu. Da suka yi yawa na fara ba da su gyara, duk wanda ya sayi katifa in ɗora masa soso. Har mutanen Illela suka san ni da haka, in sun zo sayayyar aure sai su ce a kai su wurin mai katifar nan mai gyaran soso.

A kakar bara ne aka kira ni aka ce Inna ta faɗi. Gwaggo ta ce daga kan turmi ta zamo. Mun tarar da ita kwance a gaban rumbu, sosuna busassu na reto a samanta, ba mu tambayi komai ba don amsar tana rataye a kanmu. Ƙugu ya karye. Aka yi na asibiti, aka yi na mai ɗori, ƙashin tsufa ya ƙi kamawa. Da aka dawo da ita gida na kawo katifar da ta fi kowace kauri a shagona. Wannan karon ba ta da ƙafar mayar mini da ita. Da muka kwantar da ita ta shafa ta da tafin hannu ta ce, "To, Mai Katihwa, ka ci nasara." Na yi dariya don ita ma dariya take yi, na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Ta jima a kwance. Wata safiya ta ce a dama mata kunu, kafin a sauke ta cika.

Ban taɓa ganin gidan da ake rububin laifi kamar namu a kwanakin zaman makoki ba. Yaya ya ce nasa ne, shi da ke kusa, da ya sare yaɗon nan tun tuni. Matarsa ta ce nata ne, ta ji ƙarar faɗuwa ta ɗauka akuya ce ta ture kwano. Ni na ce ku yi mini shiru, daga bakina kalmar ta fito. Uwani ba ta yi gardama da kowa ba, ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Na lallashe ta, na yi mata faɗa, na turo mata uwarta. Malaminta ya kira ta ƙi ɗauka. Abin da take maimaitawa ɗaya ne: tsohuwa ta karye a kan abin da ba shi da amfani, ta mutu tana yi wa karatunta bautar banza, ita kuma ba za ta iya sake riƙe kwalbar man zurma ba tare da ta ji dariyar nan tata a kunne ba. Gwaggo kaɗai ce ba ta nemi rabonta a laifin ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana cin gumbar sadaka tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi har haushinta na ji.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, da hantsi na ji ana jan abu a tsakar gida. Uwani ce ke fito da buhunan soso daga ɗakin Inna tana tarawa, ashana a hannunta. Ban hana ta ba, don ni ma na gaji da ganinsu.

"Ke!" in ji Gwaggo. "Aje ashanan nan. Taho. Kai ma Mai Katihwa taho, tunda kai ad da baki."

Ta dogara sanda ta yi bayan rumbu, muka bi ta. Wuri ne da namiji ba ya leƙawa saboda makewayin tsofaffin, rabona da shi tun ina yaro. Akwai tsohon zana da aka kafa aka jibga masa ƙaya a gindi, yaɗon soso ya lulluɓe shi ruf. Gwaggo ta sa sanda ta ɗage ganyen ta ce mu shiga.

Zurma ce a ciki. Ba wadda ta fito da kanta ba, shukakkiya, layi-layi, an yi wa kowace gurbin ban ruwa, wasu sun fi ni tsawo. A gindin mafi tsawon akwai sawun bakin turmi a ƙasa. Can gefe ga tulu an kife masa ƙwarya an ɗora dutse. Gwaggo ta ce Uwani ta buɗe. Cike yake da 'ya'yan zurma, ɓararru, masu sheƙi da zane kamar kaska ta ƙoshi.

"Tun randa kuka yi hwaɗan nan ta gane," in ji Gwaggo. "Kina tahiya tas sa ni rakiya juji-juji muna biɗan iri, ita da ta tumɓuke nata da hannunta. Ta kahwa zana don awaki da yara. Ta aza soso bisa don ku. In ta taɓa ɗiyan sai ta wanke hannu da toka tana zagin su. Rad da ta hwaɗi, su ta hau tsinkowa, don in sun bushe hwashewa sukai su watse."

Na ce, "Amma Gwaggo, a gaban rumbu muka same ta."

"Ni naj ja ta. Da ƙugu karye tac ce in hid da ita nan kahin in kira kowa. Wai kak ku gani ku ce ta bi maganar yarinya. Tana jiran tulun shi cika ta aika, ta ce tsintuwa ta yi." Ta share hanci da gefen mayafi. "Ta ce in na hwaɗi ba ta yahe min ba. To na hwaɗi. In na iske ta can mu ƙarasa."

Uwani ta tsoma hannu a tulun, 'ya'yan suna zubowa ta tsakanin yatsunta. Ta ce, "Amma dai don ni ta hau."

"Don ke mana, da don wa? Ni ba ni yi miki ƙarya in ce ba don ke ba. Amma ba ruɗewa ta yi ba, kamar yadda kunka ɗauka ku masu ilimi da masu shago. Ta san abin da ta hau nema. Tulun ga naki na. In kin ga dama ki zubar ki zamna gida, ranan ne za ta zam ta hwaɗi banza."

Yarinya ta rungume tulun ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun da ta zo. Na bar ta ta yi. Ni kuwa na juya wurin Gwaggo.

"To Gwaggo, in ta gane, buhunan da nake ta ɗauka fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ta san bayan katihu kaka jibge su. Direba ya hwaɗa mata tun hwarko, hal gyaran da kaka ba mutane. Nac ce mata to ki daina wahala. Tac ce, a'a, bar shi. Da babu buhu sai Salla nika ganin shi. Yanzu ko in buhu ya cika shina zuwa, shi zamna, shi ci tuwo."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye a cikin zurmar nan ba. Duk shekarun nan ina hawa babur ina jin ni ne mai haƙuri, ni ne ke rufa wa tsohuwa asiri. Ashe ita ke ɓare soso da yatsun da suka kumbura don ta sayi wunin ɗanta. Kunyar wannan ba ta sake ni ba har yau, kuma ba na so ta sake ni.

Ba a ƙona buhunan ba. Gwaggo ta sa aka raba su sadaka gida-gida. Uwani ta juye tulun a buhu ta ɗinke bakinsa da kanta, ta ƙi yarda a sa shi a saman mota, a kan cinyarta ya je Yamai.

Da ta gama binciken ta zo hutu, na ɗauke ta muka je Dogarawa. Ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan soso, bai fi tafin hannu ba, launinsa kamar na man shanu. Ta ce daga man 'ya'yan tulun nan ne, ita ta matse shi. Ta ce da sauran aiki kafin ya zama katifa, ɗaya ruwan ma har yanzu saye ake yi. Na karɓa na matsa, ya dawo. Shekaruna nawa ina taɓa soso, ban taɓa riƙe wanda ya yi mini nauyi kamar wannan ba.

Gwaggo ta karɓe ta shinshina, ta latsa da babban yatsa, ta taɓe baki. "Wanga na abin da anka yi ta kai da kawowa kanshi? Ko tukunya ba shi wankewa." Sai ta ƙulle shi a bakin zanenta ta ce ba ta mayarwa. Uwani ta ce ai ba a gama ba, Gwaggo. Muka dubi juna, don da muryar Inna maganar ta fito.

Can Gwaggo ta juyo kaina. "Kai hwa, Mai Katihwa? Babu buhu. Mi kaz zo ɗauka?"

Na ce, "Ba komai, Gwaggo. Zuwa kawai na yi."

Ta kalli ƙofar ɗakin Inna da ke rufe, ta daɗe tana kallo. "Da ka hwaɗi haka tana nan," in ji ta. Ta tashi ta je ta zubo mini tuwo.

Allah ya jiƙan Inna. Ya shimfiɗa mata inda ya fi duk abin da na taɓa sayarwa laushi, ya yafe mata kurakuran da bakinta ya kasa faɗa, mu kuma da ta bari ya yafe mana namu. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa wanka da sosonta ko bai taɓa ba, ya sa ta a addu'a.